Matankari: Abin da ya kamata kafinta ya duba kafin ya haɗa injin rauta kai-tsaye

Da an kammala girbin gero a ƙasar Arewa, sai bukukuwan aure su kankama. A Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa da ke arewa da Dogondutsi a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, lokacin ne kafintoci ke karɓar aikin gado da kabad na kayan ɗakin amare, kuma kowane aiki da ranarsa.

Injin da ke fitar da adon bakin katako shi ne rauta, wanda a Faransanci ake kira défonceuse. Yawancin na zamani suna da ɗan maɓalli mai lambobi da ake murzawa don rage gudu ko ƙara shi, daga kusan juyi 8,000 zuwa sama da 20,000 a minti ɗaya. Idan wannan sashe ya samu matsala, abin da masu gyara da dama ke yi shi ne su cire shi su haɗa wayoyin kai-tsaye. Injin zai tashi, amma haɗarin da ke biyo baya ya fi gyaran tsada.

Me ya sa gudun yake da muhimmanci?

Ƙaramin haƙori yana son gudu sosai. Babba kuwa, irin wanda ake fitar da adon ƙofa da shi, faɗinsa kan kai santimita 7 ko 8, kuma masu ƙera shi suna gindaya cewa a rage gudun zuwa wajen juyi 12,000. Idan aka sake masa cikakken gudu, katako ya ƙone, injin ya riƙa fizga, wani lokaci bakin haƙorin ya ɓalle ya yi tsalle. Haɗin kai-tsaye yana kuma kashe tsarin da ke sa injin ya tashi a hankali, don haka da an kunna sai ya zabura a hannu.

A fara da mai araha

Kafin a taɓa komai, a zare filogi. Daga nan sai a lura da alamar da injin ke nunawa.

Idan gudun yana hawa yana sauka da kansa, a fara zargin ƙura. Garin katako da ƙurar hunturu suna shiga cikin maɓallin su hana shi haɗuwa. A hure shi da iska, a fesa masa maganin wanke kayan lantarki, a murza shi sau da yawa. Kada a zuba masa man inji.

Sai a duba gawayin injin, wato 'yan sandunan kabon guda biyu da ke gogar amaca. Idan sun cinye, injin kan yi tartsatsi ya riƙa yankewa. A sauya su biyun tare. A kuma lanƙwasa wayar wuta daidai inda ta shiga jikin injin, domin nan ta fi karyewa ta ciki, a gwada ta da mita.

Idan kuwa injin ya tsaya a kan cikakken gudu, ko ina aka murza, matsalar ta fi yiwuwa a allon lantarki ne. Akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku da ake kira tirayak, shi ke rage wutar da ke shiga, kuma idan ya ƙone sai ya saki wutar gaba ɗaya. A wasu injinan akwai zoben maganaɗisu a saman amaca da ke sanar da allon yawan gudu, wanda fashewarsa ke kawo irin wannan alama. Mai gyaran rediyo zai iya sauya tirayak idan allon a buɗe yake. Idan an rufe shi da danƙo, sai dai a sayi sabo da lambar injin.

Haɗin kai-tsaye yana da amfani ɗaya: gwaji na ɗan lokaci, babu haƙori a jiki, don tabbatar da cewa motar lafiya take.

Wuta ma tana da laifi

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a kuma maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Masu sana'a da yawa sun koma kan ƙananan janareto, waɗanda wutarsu ke hawa da sauka. Irin wannan wuta tana saurin kashe allon lantarki. A bar janareto ya daidaita kafin a kunna injin, kada kuma a haɗa shi da injin walda a lokaci guda.

Ga 'yan ƙasar waje

Masu aiko wa ƙanne kayan aiki su duba rubutun da ke jikin injin kafin su biya kuɗi. Wutar Nijar da Najeriya tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, ta Amurka da Kanada kuwa 120. Rautar Amurka da aka soka a wutar NIGELEC ba tare da taransifoma ba, allonta na iya ƙonewa nan take. Na Faransa da sauran ƙasashen Turai sun dace da wutar gida. Duk wanda zai aiko, ya haɗa da gawayi na ajiya, ya kuma rubuta lambar injin a wuri mai kyau, domin da ita ake neman kayan gyara idan buƙata ta taso.