Lew Wallace: Gwamnan da ya yi wa ɗan ta'adda alƙawarin afuwa

A ƙarni na 19, yankunan Amurka da ba su kai matsayin jiha ba ba sa zaɓen gwamna. Shugaban ƙasa ne ke naɗa musu shi. Ta haka ne Shugaba Rutherford Hayes ya tura Lew Wallace yankin New Mexico a shekarar 1878.

An haifi Wallace a jihar Indiana a 1827, mahaifinsa kuma ya taɓa zama gwamnan jihar. Lauya ne, amma a fagen daga ya yi suna. A yaƙin basasar Amurka an zarge shi da jinkirin kai ɗauki a gumurzun Shiloh na 1862, zargin da ya bi shi har kabari. Sai dai a Monocacy, a 1864, ko da yake an ci shi da yaƙi, ya tsayar da dakarun Kudu na kwana guda, har aka samu sukunin ƙarfafa tsaron birnin Washington.

A New Mexico ya tarar da gundumar Lincoln ta zama fagen zubar da jini tsakanin 'yan kasuwa da makiyaya masu hamayya da juna. Ya yi shelar afuwa ga mayaƙan, sannan a watan Maris na 1879 ya gana a asirce da ɗan bindigar nan Billy the Kid, suka daidaita cewa zai ba da shaida kan wani kisa, shi kuma a yafe masa. Billy ya ba da shaidar, amma afuwar ba ta zo ba. Ya tsere ya koma ruwa, aka harbe shi a Yulin 1881. Maganar ba ta mutu ba: a 2010 Gwamna Bill Richardson ya sake duba ta, ya ƙi yafewa.

Abin mamaki, a cikin wannan rikici ne Wallace ya kammala littafinsa Ben-Hur a fadar gwamna da ke Santa Fe. An buga shi a 1880, kuma fim ɗin da aka yi da shi a 1959 ya lashe kyautar Oscar 11.

Daga 1881 zuwa 1885 ya yi jakadancin Amurka a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, inda ya shaƙu da Sarki Abdulhamid na Biyu. Ya rasu a Crawfordsville, a Indiana, a 1905.