Auna Zafin Injin Babur Kafin A Taɓa Kafireta

Babur ɗin da ke bin kwalta iska ce ke yi masa fifita duk tsawon tafiya. Wanda ke kutsa yashi da laka a hanyar ƙauye, ɗauke da buhu biyu na masara, a giya ta ɗaya ko ta biyu yake wuni, injin na kuka, iskar da ke bugun sa kuwa kaɗan ce. Yawancin ƙananan injunan nan ba su da lagireto, fika-fikan ƙarfen da ke jikin silinda ne kaɗai ke fitar da zafi. Shi ya sa duk mai son saita kafireta don irin wannan aiki ya kamata ya san zafin injinsa da lamba.

Dabarar da aka saba da ita a gareji ita ce bakanike ya kai bayan hannu kusa da kan silinda, ko ya ɗiga ruwa ya ji ko zai yi "cau". Ɗigon ruwa abu ɗaya yake faɗa: ƙarfen ya haura digiri 100. To ai kan silindar injin da iska ke sanyaya shi, mai cikakkiyar lafiya ma, yakan yi aiki tsakanin digiri 150 da 200 idan an auna a gindin fulogi. Lafiyayyen inji da wanda ke dab da bugawa duk "cau" ɗaya za su yi.

Dalilin da ya sa zafi ya shafi saiti shi ne gaurayen iska da fetur. Fetur yana ƙonewa ƙurmus idan ya samu iska mai nauyinsa sau 14.7, amma inji ya fi ba da ƙarfi a wajen 12.5 zuwa 13, kuma wannan ɗan rarar man yana taimakawa wajen sanyaya cikin silinda. Mai babur ya zo ya ce, "Oga, yana shan mai da yawa, a rage mini." Bakanike ya sauke allura ko ya sa ƙaramin jet, mai ya ragu, zafi ya hau. Fistin na alminiyam ne. Tsantsar alminiyam sai a wajen digiri 660 yake narkewa, amma tun da nisa kafin nan fistin yake rasa ƙarfinsa ya kumbura ya kama jikin silinda. Kuɗin man da aka ce an rage sai ya tafi wajen sayen fistin da ringi.

Yanzu bindigar auna zafi ta yawaita a kasuwa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona a 2020 ba ta wannan aiki ba ce, iyakarta zafin jikin ɗan Adam. Ta masu sana'a kuwa tana kai ɗaruruwan digiri, sai dai ba ta taɓa ƙarfe, hasken zafin da ke fita daga fuskar abu take karantawa. Masu arha an saita su a kan ma'aunin fitar da hasken zafi na 0.95, wanda ya dace da abu baƙi maras ƙyalli. Alminiyam mai sheƙi ba ya ko kai 0.1. Ka nuna ta a murfin da aka goge yana walƙiya, sai ta ba ka lamba ƙasa da gaskiya nesa ba kusa ba, ka matsa kaɗan zuwa inda baƙin mai da ƙura suka daskare, lambar ta yi tsalle. Maganin wannan shi ne a shafa ɗan fenti baƙi mai jure wuta a wuri guda kusa da fulogi, a riƙa auna nan kullum.

Jan ɗigon da ke fitowa daga bakin bindigar ma yana ruɗar mutane. Nuni kawai yake yi. Idan an rubuta 12:1 a jikinta, to daga nisan santimita 60 da'ira mai faɗin santimita 5 take karantawa, ta haɗa zafin fulogi da na roba da na firam ta ba ka matsakaici. A matso da ita kusa.

A ganina abin da ya fi duka shi ne wayar auna zafi nau'in K, mai zobe a bakinta. Ana kwance fulogi a sa zoben a mazaunin washa, a ɗaure, a ja wayar zuwa ƙaramin agogo a kan hannun babur. Ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗa bakinsu, zafi na sa su fitar da 'yar wutar lantarki, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano a 1821. Amfaninta shi ne tana nuna zafi lokacin da babur ke cikin yashi yana fama. Bindiga kuwa sai an tsaya, kuma da zarar an tsaya iska ta yanke, zafin ciki ya fito waje, lambar ta canza. A lura da girman zoben, domin fulogin babura akwai na milimita 10, da 12, da 14. Kafin a yarda da ita a tsoma bakinta a tafasasshen ruwa: a Kano ya kamata ta nuna kusan 98, a Jos kusan 96, saboda tudu na rage zafin tafasa.

Masu tseren babura a Turai da Amurka sukan ƙara wata wayar a bakin salansa don auna zafin hayaƙi. Ita ma tana da tarko. Idan inji ya fara ƙwanƙwasa, zafin hayaƙi yakan sauka alhali na kan silinda yana hawa, sai mai kallon agogo ɗaya ya ɗauka komai lafiya.

Lamba guda ba ta isa hukunci ba. A zaɓi hanya ɗaya mai tudu ko yashi, kaya iri ɗaya, a bar inji ya ɗumama sosai, a rubuta abin da agogo ya nuna tare da yanayin ranar. Safiyar hunturu iska ta fi kauri, gauraye ya karkata ga ƙarancin mai. Tsakar ranar Afrilu a Sakkwato, da zafi ke haura digiri 40, akasin haka ne. A canza abu ɗaya tak a kafireta, a sake bin hanyar, sannan a kwance fulogi a duba launinsa: ruwan ƙasa alama ce mai kyau, fari fat gargaɗi ne. Kafin duk wannan a kankare busasshiyar lakar da ta cika tsakanin fika-fikan silinda, a duba baƙin mai, a mayar da soson tace iska idan an cire shi, domin sau da yawa zafin daga nan yake.