Dodo a ɗaure, soyayya a bakin tanki

A da, Hollywood ta san makomar dodo: ya sace mace, a kashe shi. Haka King Kong ya ƙare a 1933, bayan an kamo shi daga tsibirinsa an ɗaure shi da sarƙa ana nuna shi a New York. Halittar ruwa ta Creature from the Black Lagoon ma, a 1954, harsashi ta sha.

Guillermo del Toro, ɗan Meziko, ya kalli na biyun yana yaro, ya so a ce dodon ne ya samu yarinyar. A 2017 ya huce haushinsa da The Shape of Water. A Baltimore ta 1962, Elisa, bebiya mai shara a wani ɗakin binciken sirri na gwamnati, ta tarar da wani dodon ruwa da aka kamo daga kogin Amazon. Takan ajiye masa dafaffen ƙwai a bakin tanki, ta kunna masa faifai, ta koya masa maganar hannu. Mugun kuwa Strickland ne, jami'i mai kwat da sandar lantarki.

Abin da ya kawo wannan juyi, a ganina, shi ne masu kallo sun daina yarda da mai riƙe da mabuɗi. Waɗanda suka ceci dodon ma 'yan rabe ne: bebiya, abokiyar aikinta baƙar fata, da tsohon mai zane da ya rasa aiki. Fasaha ta taimaka. Kwalliya da kwamfuta sun ba fuskar dodon da ɗan wasa Doug Jones ya sanya idanu masu ban tausayi.

Kasuwa ta karɓa. Fim ɗin da bai ci dala miliyan 20 ba ya tara kusan miliyan 195, ya ɗauki babbar kyautar bikin Venice da Oscar 4, har da ta gwarzon fim. Kuma ba kamar Beauty and the Beast na Disney na shekarar ba, dodon bai rikiɗe ya zama yarima ba.

Sai dai ɗaurin yana sauƙaƙa wa marubuci aiki. Fursunan da ake azabtarwa zai shaƙu da duk wanda ya kawo masa abinci, kuma wanda ba ya magana ba za a ji ra'ayinsa ba. Wasu masu sharhi masu buƙata ta musamman ma sun yi ƙorafi: don me bebiya ba za ta samu masoyi ba sai wanda ba ɗan Adam ba?