«Il faut que»: inda Faransancinmu ke tuntuɓe

Tun daga Janairun 2026, mai neman takardar zama ɗan ƙasa a Faransa sai ya kai matakin B2. Nan subjonctif ke kama mutanenmu, har da 'yan Damagaram da Maraɗi da suka yi lakwal.

Ƙa'idar ba wuya. Ɗauki siffar ils, yanke -ent, ka liƙa -e, -es, -e, -ions, -iez, -ent.

Sai dai parler na rufa asiri: je parle da que je parle duk ɗaya ne a kunne, shi ya sa ba mai gyara maka. Finir kuwa tonon silili take yi. Ils finissent, don haka il faut que je finisse. Ka ce que je finis, mai jarrabawa ya ji ka nan take. Bayan avant que ma haka ne.