Yadda Ƙwayar RSV Ke Sauya Kama a Jikin Ƙananan Yara

Da wuya yaro ya cika shekara biyu a duniya ƙwayar cutar RSV ba ta shiga jikinsa ba. Ga yawancin yara mura ce da tari, kwana kaɗan su warware. Amma ga jariri ɗan ƙasa da wata shida takan gangara cikin huhu ta toshe ƙananan hanyoyin iska, sai a ga haƙarƙarinsa na lotsawa, numfashinsa na fita da ƙara, ya kasa kama nono. A ƙiyasin 2019, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 3.6 ta kwantar a asibiti, ta kuma yi ajalin sama da 100,000, kusan dukkansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

A 1956 aka fara gano ta a Amurka, a jikin wasu birai masu mura, shekara guda bayan nan Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai a birnin Baltimore. Sai a 1985 aka tabbatar cewa gida biyu ce, A da B. Sau da yawa dukansu kan yaɗu tare a gari guda, bana wannan ya yi rinjaye, baɗi wancan.

Me ke kawo bambancin? Bayanan gadon ƙwayar a rubuce suke cikin zaren RNA mai haruffa wajen 15,200. Duk sa'ad da ta hayayyafa sai ta kwafi wannan zare, ba ta kuma da hanyar gyara kuskuren kwafi. Kurakuran sun fi taruwa a sashen da ke gina furotin G, wanda da shi take manne wa ƙwayoyin jikin mutum. Tsakanin gidan A da gidan B, kusan rabin tubalan wannan furotin sun saɓa.

Sau biyu wani abin mamaki ya auku a wannan sashe. A 1999, a Buenos Aires ta Ajantina, aka ci karo da ƙwayar gidan B wadda ta maimaita haruffa 60 a jere, kamar mai kwafar littafi da idonsa ya zame ya rubuta layi ɗaya sau biyu. Aka sa mata suna BA. A ƙarshen 2010 sai ga irin haka a gidan A, a lardin Ontario na Kanada, wannan karon haruffa 72, aka kira ta ON1. A ƙa'ida irin wannan ɓatan kai ya kamata ya nakasa ƙwayar. Ina! Kowaccensu sai da ta zagaye duniya ta ture 'yan'uwanta. A Kilifi, bakin tekun Kenya, inda aka daɗe ana gwada majinar yaran da aka kwantar da limoniya, an fara ganin ON1 a 2012, kafin a ankara ta mamaye gidan A.

Waɗannan sauye-sauye na daga cikin dalilan da mutum ke sake kamuwa har tsufansa, ko da yake ita ma garkuwar da jiki ke samu bayan kamuwa ba ta daɗewa.

Masu haɗa magani sun yi dabara, suka bar G suka koma kan furotin F, wanda ƙwayar ke kutsawa cikin ƙwayoyin jiki da shi. Shi ba ya yawan canzawa, kusan kashi 90 cikin 100 na tubalansa iri ɗaya ne a gidajen biyu. A kansa aka gina allurar nirsevimab ta jarirai, wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, haka ma riga-kafin masu juna biyu da Amurka ta amince da shi a 2023.

Sai dai F ɗin ma ba abin a saki jiki da shi ba ne. A 2017 wani magani mai suna suptavumab ya faɗi a gwajinsa na ƙarshe, domin ƙwayoyin gidan B da ke yawo a lokacin sun sauya tubala biyu daidai inda maganin ke kamawa. Shi ya sa tun da aka fara yi wa jarirai nirsevimab, ɗakunan gwaji ke ta karanta zaren ƙwayoyin da aka samu a jikin yaran da suka kamu duk da an yi musu allurar.