Nauyin Kaya da Haƙƙin Hanya: Misali Daga Illela



Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta bi ta Kware da Gwadabawa, ta faɗa Illela, ya ga tireloli jere suna jiran tsallakawa Birnin Ƙonni. Dalili kuwa a fili yake. Jirgin ƙasa bai taɓa isowa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda dogo ya tsaya tun 1929. Saboda haka simintin Kalambaina da zai fita, da albasar Galmi da za ta shigo, duk a bisa kwalta suke tafiya.

Abin da nake so mu fara ganewa shi ne, hanya ba ta san jimillar nauyin mota ba. Abin da ta sani shi ne nauyin da ke bisa kowane aksul, watau ƙarfen nan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama. A wani gwaji da aka yi a Jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, injiniyoyi sun gano cewa in aka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan kai kamar ninki 16. To, kun ga direban da ya ƙara buhu ɗari yana ganin ya ci riba, alhali kuwa bashi ya ɗora wa duk mai bin hanyar, har da kansa.

A kan wannan ne ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta kafa Doka ta 14 a 2005, ECOWAS kuma ta yi tata a 2012. Sun yanke ton 12 ga aksul guda mai tagwayen tayoyi, da ton 51 ga tirela mai aksul shida da ta ɗauko kaya na yau da kullum. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, amma dokar 2005 ba ta ECOWAS ba ce, don haka fitar ba ta shafe ta ba.

Kaya masu nauyi iri biyu ne, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai mai rabuwa, kamar siminti ko hatsi. Wannan ba shi da uzuri. In sikeli ya nuna ya zarce, sai tara, sannan a sauke rarar a nemo mata wata mota. Akwai kuma wanda ba ya rabuwa, alal misali babbar taransifoma, ko katafila, ko wani sashe na injin masana'anta. Shi wannan ba a hana shi tafiya, sai dai da izini na musamman daga hukumar da ke kula da hanya. Kafin a ba da izinin, tilas a bi hanyar a duba ƙarfin kowace gada da kwalbati, da tsayin wayoyin lantarki, da kwanonin da doguwar mota za ta sha. Sannan a ɗora shi a kan tirela mai gajeren gado da aksul masu yawa don nauyin ya rarrabu, a sa mata 'yan rakiya gaba da baya, a kuma ƙayyade mata lokacin tafiya.

Wahalar Illela ita ce izinin Nijeriya a bakin iyaka yake ƙarewa. Wanda bai nemi na Nijar tun da wuri ba, sai motarsa ta kwana a tsaye, kuɗin haya na hawa. Balle in an rufe iyakar ɗungum, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela zuwa Badagiri, mai tsawon fiye da kilomita 1,000. A ganina, wurin da ya fi dacewa a kafa sikeli shi ne ƙofar masana'anta da tashar lodi, domin a can ake aza rarar, kuma a can ne sauke ta ya fi sauƙi.