Koci Don Feeley Da Dogon Yaron Da Ya Gani A Khartum

Masu bin labarin ƙwallon kwando a nan Umdurman ba sa buƙatar a gabatar musu da Manute Bol. To amma kaɗan ne suka san sunan mutumin da ya buɗe masa hanyar Amurka, wato Don Feeley, wani malamin wasanni da ya shafe shekaru yana horar da ɗaliban jami'a.

Shi dai Feeley ba a manyan jami'o'i ya yi suna ba. Daga 1965 zuwa 1978 shi ne kocin ƙwallon kwando na Jami'ar Sacred Heart da ke jihar Connecticut, wadda a lokacin sabuwa ce ful. A hannunsa ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar rukuni na 2 ta jami'o'in Amurka a 1977. Daga 1980 zuwa 1983 kuma ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Fairleigh Dickinson a jihar New Jersey.

A 1982 ne ya zo Khartum domin ya horar da 'yan wasan ƙasa. Nan ya yi arba da wani saurayi Badinke daga Turalei, mai tsawon mita 2.31, siriri kamar kara. Manute ya fara ne da ƙwallon ƙafa, tsawo ya hana shi, ya koma kwando a Wau, daga nan ya taho babban birni, inda ya sha wariya irin wadda ba sai an yi wa Bahaushen Sudan bayaninta ba. Feeley ya ga abin da wasu ba su gani ba: yaron da zai tsaya a gindin kwando ya miƙa hannu kawai ya tare ƙwallo.

Gano yaro abu ne mai sauƙi, shigar da shi makaranta shi ne aiki. A 1983 Feeley ya kai Manute da abokinsa Deng Nhial birnin Cleveland, wurin Kevin Mackey, kocin Jami'ar Cleveland State. Sai ga shi Manute bai iya karatu da rubutun Turanci ba, don kuwa kiwon shanu ya tashi yana yi. Ya yi watanni a ajin koyon harshe, duk da haka jami'ar ba ta iya ɗaukarsa ba, ko wasa ɗaya bai buga mata ba. Daga baya ma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hukunta jami'ar saboda taimakon kuɗi da aka ba samarin ba bisa ƙa'ida ba.

Feeley ya gwada wata ƙofar. Ya buga wa Jim Lynam waya, kocin San Diego Clippers, su kuwa suka zaɓi Manute a zagaye na 5 na ɗaukar sababbin 'yan wasan NBA na 1983. Hukumar NBA ta soke zaɓen, ta ce bai sanar da niyyarsa cikin wa'adi ba. Har fasfonsa ya kawo ruɗani, domin an rubuta tsawonsa ƙafa 5 da inci 2. Manute ya ce ai a zaune yake lokacin da ma'aikacin ya auna shi!

A ganina, Feeley ya cancanci yabo a kan idonsa, amma ya yi gaggawa. Ya tafi da yaro ƙasar da kome sai da takarda, alhali ba shaidar makaranta, ba takardar haihuwa. Iyaye a unguwanninmu da suka taɓa yin sintiri kan neman jinsiyya don yaro ya zauna jarrabawa sun san ciwon wannan.

Sai a 1984 abin ya daidaita, lokacin da Jami'ar Bridgeport, a yankin da Feeley ya daɗe yana aiki, ta karɓe shi saboda tana da sashen koyar da baƙi Turanci. Shekara ɗaya ya yi wa koci Bruce Webster wasa, ɗakin wasa yana cika maƙil. A 1985 Washington Bullets suka ɗauke shi, ya tare ƙwallo sau 397 a kakarsa ta farko.

Manute ya rasu ranar 19 ga Yuni, 2010, a jihar Virginia, bayan ya kashe yawancin dukiyarsa a kan mutanen Kudu. Ranar haihuwar da ke cikin littattafan NBA kuwa, 16 ga Oktoba, 1962, Mackey ya faɗa daga baya cewa shi ya ƙirƙira ta don a samu abin cike takarda.